Jinga a kan jinga: yadda baɗaƙalar MyMaster ta tona cinikin rubutu a jami'o'in Ostireliya

A watan Nuwamban 2014 jaridar Sydney Morning Herald ta fito da wani labari da ya hana shugabannin jami'o'in Ostireliya barci. 'Yan jarida biyu, Amy McNeilage da Lisa Visentin, sun bi sawun wani kamfani a birnin Sidni mai suna MyMaster, wanda ba shi da wata sana'a sai rubuta wa ɗalibai jinga ana biyansa. Ɗalibi zai tura tambayar da malami ya ba shi, ya faɗi yawan kalmomi da ranar miƙawa, ya zuba kuɗi a asusun banki, ya ja bargo ya kwanta. Kafin ranar ta cika an aiko masa da aiki kammalalle, nasa kawai ya sa suna da lamba. Har gwajin da ake yi ta intanet kamfanin yana samo wanda zai zauna wa mutum.

Kalmar jinga ta dace da wannan lamari ta fuska biyu. A makaranta, jinga ita ce aikin da malami ya ba ka ka je ka yi da kanka. A gona kuwa, jinga ita ce ka yanka wa ɗan ƙwadago fili, ku yi ciniki, ya nome ka biya shi. Abin da ɗaliban nan suka yi shi ne sun ɗauki jingar makaranta sun mayar da ita jingar gona. Bambancin shi ne, gonar da aka nome maka ta nomu, hatsi zai fito. Kan da aka yi wa karatu kuwa yana nan fanko yadda yake, sai dai takardar shaida da aka rataya masa.

Shafin kamfanin da Sinanci aka rubuta shi, domin ɗaliban da suka zo daga ƙasar Sin yake farauta. Ana liƙa tallarsa a harabar jami'o'i, har a bayan ƙofofin ban-ɗaki, kuma wanda ya tsara tallar ya san inda ke yi wa ɗalibi ƙaiƙayi: yana tuna masa dubban dalolin da zai sake biya idan ya faɗi kwas ya maimaita. Farashi yana farawa daga 'yan daloli kaɗan har ya kai wajen dala 1,000 ta Ostireliya, gwargwadon tsawon aikin da matakin karatun. 'Yan jaridar sun ga rasiɗan biyan kuɗi kusan 700 da jimlarsu ta haura dala 160,000 a cikin shekarar kaɗai, kuma sun kiyasta ɗalibai kusan 1,000 daga jami'o'i 16 ne suka yi hulɗa da kamfanin.

To, ta yaya asiri ya tonu? Nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Ba wata jami'a ce ta kama su ba, ba kuma wata manhaja ba. Sakaci ne na kamfanin kansa: ya bar takardun cinikinsa a intanet ba kariya, da rasiɗan banki, da tambayoyin da aka turo, da ayyukan da aka rubuta, wasu har da suna da lambar ɗalibi. 'Yan jarida suka tarar da rumbu a buɗe suka ɗiba. Da a ce mai kamfanin ya kulle ƙofarsa, da ayyukan nan sun wuce lami lafiya, an ba su maki, an yi bikin yaye ɗalibai, an ɗauki hoto da hula da riga.

Jami'o'in nan kuwa ba a zaune suke ba. Kusan dukansu suna amfani da Turnitin, manhajar da ke gwada rubutun ɗalibi da abin da ke intanet da littattafai da ayyukan ɗaliban baya, ta nuna inda aka kwafa. Sun kashe kuɗi a kanta, sun saki jiki da ita. Amma Turnitin ɓarawon da ya kwafi rubutun wani take kamawa. Aikin da aka saya sabo ne fil, wani ya zauna ya rubuta shi don wannan tambaya, ba a taɓa miƙa shi ko'ina ba. Manhaja za ta duba ta ce fes yake. Hasali ma, tsoron Turnitin na daga cikin abin da ya kora ɗalibai wajen masu rubutun haya, kuma su ma kamfanonin sun gane haka, shi ya sa babban alƙawarin da ke kan tallarsu shi ne aikinsu zai tsallake manhajar. An toshe ƙofar kwafi, sai ciniki ya shigo ta taga.

Wannan nau'in maguɗi ya riga MyMaster samun suna. Tun a 2006 wasu malaman kimiyyar kwamfuta biyu a Birmingham ta Ingila, Robert Clarke da Thomas Lancaster, suka lura ɗalibansu na zuwa shafukan da ake ɗaukar masu rubuta manhaja haya, suna sa jingarsu a kasuwa, masu iyawa suna tayawa. Su ne suka raɗa wa abin sunan da ake kiransa da shi yanzu a Turance, wato maguɗin kwangila. Mu a nan da sojan haya muka fi saninsa, ko da yake namu ya fi shahara a zauren jarrabawa.

Bayan labarin ya fita, jaridar ta miƙa wa jami'o'i bayanan da ta samu, kowace ta shiga binciken nata. Jami'ar Macquarie ta soke digirin mutum biyu da suka riga suka gama, ta kayar da wasu a kwasa-kwasan da suka saya. Jami'ar Newcastle ta kori biyu, ta dakatar da wasu. Amma idan aka haɗa duk waɗanda hukunci ya hau kansu, gomomi ne, alhali ana maganar kusan dubu. Sauran ba a iya haɗa rasit da mutum ba, ko an haɗa amma hujja ba ta kai ba. Shi kuwa kamfanin, shafinsa ya ɓace daga intanet da labarin ya fito, kuma babu wata doka a ƙasar a wancan lokaci da ta ce sayar wa ɗalibi jinga laifi ne. Ɗalibi ya rasa digiri, mai sayarwa ya karkaɗe riga ya yi gaba.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi ɗaya gefen, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Karatun 'yan ƙasashen waje na daga cikin manyan hanyoyin da Ostireliya ke samun kuɗin shiga, yana bin bayan ma'adinai irin su tama da kwal. Ɗalibin da ya zo daga waje yana biyan ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, kuma da kuɗinsa jami'o'i da yawa ke gine-gine da bincike. A watan Afrilun 2015, wata biyar bayan baɗaƙalar, hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar New South Wales ta fitar da rahoto a kan wannan batu, inda ta nuna yadda dogaro da kuɗin baƙi ke matsa wa jami'o'i su karɓi ɗaliban da Turancinsu bai kai ba, sannan ya matsa wa malamai su bar su su wuce. Ka ɗauki yaro ɗan shekara goma sha tara, iyayensa sun tattara abin da suka mallaka sun turo shi, bizarsa na rataye da ci gaban karatunsa, an ce ya rubuta kalmomi 2,000 a harshen da ko hira ba ya iya ja da shi. Ya shiga ban-ɗaki ya ga takarda da harshen uwarsa tana cewa kawo mu yi maka. Ban ce ya yi daidai ba. Amma wanda ya karɓi kuɗinsa ya sa shi a aji, alhali ya san ba zai iya ba, shi ma yana da amsar da zai bayar.

Abin da ya bambanta Ostireliya da wasu ƙasashe shi ne ba ta tsaya a kan korar ɗalibai ba, ta sa an yi bincike don a san girman ciwon. Marigayiya Tracey Bretag ta Jami'ar Kudancin Ostireliya da abokiyar aikinta Rowena Harper suka jagoranci wani nazari da gwamnati ta ɗauki nauyi, suka tambayi ɗalibai 14,086 da malamai 1,147 a jami'o'i takwas. Kusan kashi 6 cikin ɗari na ɗaliban suka amsa cewa sun taɓa yin wani nau'i na wannan maguɗi. Abubuwa uku suka fito fili a tattare da masu yi: rashin gamsuwa da yadda ake koyar da su, ganin cewa damar yin maguɗin a buɗe take, da kuma kasancewar ba Turanci ake yi a gidansu ba. Sai wani abu da ya rushe tunanin mutane da yawa: mafi yawan masu ba da jinga a yi musu ba kamfani suke kai wa ba, aboki ne, ko ɗan aji, ko wanda ya riga ya yi kwas ɗin, ko ɗan uwa a gida. Kamfanoni su ne masu talla da ƙara, amma yawancin cinikin a cikin zumunci ake yin sa, wani lokaci ko sisi ba ta shiga tsakani.

Amsar malamai ta fi ta ɗaliban tayar da hankali. Kusan biyu cikin uku sun ce sun taɓa zargin wani aiki ba ɗalibin ne ya rubuta ba, amma da dama ba su kai maganar gaba ba. Dalilinsu: ba za a iya tabbatarwa ba, kuma bin sawun yana cin lokacin da ba su da shi. Wanda ya san yadda ake koyarwa a can ba zai yi mamaki ba. Kaso mai yawa na masu duba takardun ɗaliban digirin farko malaman wucin gadi ne, ana biyansu da awa, an ƙayyade musu 'yan mintoci a kan kowace takarda. Manyan jami'o'i, ciki har da ta Melbourne, sun zo daga baya sun amsa cewa sun yi shekaru suna biyan irin waɗannan malamai ƙasa da haƙƙinsu, suka mayar da miliyoyin daloli. Mutumin da aka ba minti ashirin ya karanta, ya ba da maki, ya rubuta gyara, da wane lokaci zai buɗe bincike a kan ɗalibin da ko fuskarsa bai sani ba?

Alhali kuwa idon malami yana gani idan aka ce masa ya duba. A Jami'ar Deakin, Phillip Dawson da Wendy Sutherland-Smith sun yi wani gwaji mai sauƙi: suka sayi ayyuka daga kamfanonin, suka cakuɗa su da na ɗalibai na gaskiya, suka ba masu dubawa tare da gargaɗin cewa akwai na saye a ciki. Masu dubawar suka gano kashi 62 cikin ɗari. A wani gwajin da ya biyo baya, bayan ɗan gajeren horo, abin ya tashi daga 58 zuwa 82. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Aikin saye yakan yi ta kewaye tambaya da Turanci mai santsi ba tare da ya taɓa abin da aka koyar a aji ba. Yakan kawo littattafan da ba a ambata a kwas ɗin ba, ya bar waɗanda malami ya nanata. Wani lokaci madogaran da ya jera babu su ma a duniya. Idan aka buɗe bayanan da ke maƙale da fayil ɗin, sai a ga sunan wani daban a matsayin marubuci, ko a ga rubutun kalmomi dubu uku an yi shi a cikin minti huɗu.

Jami'ar New South Wales ta ƙara gaba a wannan fanni, inda Cath Ellis da masu bincike irin su Kane Murdoch suka koma duba tarihin shiga shafin karatu na jami'a. Ɗalibi yana zaune a Sidni, amma ga asusunsa an shiga daga Kenya da tsakar dare an sauke tambaya, bayan kwana biyu an sake shiga daga can an ɗora amsa. Idan aka bi na'urar da ta yi wannan shiga, sai a tarar ta shiga asusun ɗalibai da yawa a kwasa-kwasai daban-daban. Zare ɗaya ake ja, ɗinki duka ya warware.

Ambaton Kenya ba haɗari ba ne. Nairobi ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin wannan sana'a a duniya, inda matasa masu digiri, waɗanda aikin yi ya gagara, ke kwana suna rubuta wa ɗaliban Amurka da Birtaniya da Ostireliya jinga, ana biyansu a kan kowane shafi, dillalai suna cinye kaso mafi tsoka. Akwai wani abu mai ɗaci a nan da na kasa haɗiyewa. Wanda ya iya aikin yana Afirka ba shi da aiki, ba zai samu biza ba, sunansa ba zai fito a ko'ina ba. Wanda bai iya ba shi zai karɓi shaidar da za ta buɗe masa ƙofofi, wataƙila ma wata rana ya zo Afirka a matsayin ƙwararre.

Sai a 2020 doka ta zo, shekara shida bayan MyMaster. Majalisar tarayya ta gyara dokar TEQSA, hukumar da ke sa ido a kan ingancin manyan makarantu, ta mai da sayar da irin wannan hidima ko tallata ta laifi, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tarar da ta haura dala 100,000. Dokar ba ta taɓa ɗalibi ba, an bar hukuncinsa a hannun jami'arsa. An kuma yi ja-in-ja a kan daftarin farko, domin mutane sun ji tsoron kada uwa da ta taya ɗanta gyara rubutu ta tsinci kanta a kurkuku, don haka aka taƙaita ɗauri ga masu yi don kasuwanci. Niyu Zilan ta riga ta yi irin wannan doka tun 2011, Ayilan ta yi a 2019, Ingila ta biyo baya a 2022.

Matsalar ita ce yawancin kamfanonin ba a Ostireliya suke ba, kuma ɗan sandan Sidni ba zai je Nairobi ko wani birni na Asiya ya kamo mutum ba. Don haka makamin da ya fi aiki shi ne toshe shafuka. A 2021 TEQSA ta samu umarnin kotun tarayya na farko na toshe wani shafi. A watan Agustan 2022 ta toshe 40 a lokaci guda ta hanyar yarjejeniya da kamfanonin sadarwa, shafukan da aka ce ana ziyartarsu kusan sau 450,000 a wata, daga nan adadin ya yi ta hawa zuwa ɗaruruwa. A 2024 ta maka kamfanin Chegg na Amurka, mai ba ɗalibai amsoshin jinga ta intanet, a kotu a ƙarƙashin wannan doka. Duk wannan ya rage wa masu sana'ar sakewa, ba su iya liƙa talla a fili kamar da. Amma shafin da aka toshe yau, gobe ya canja suna ya dawo, kuma cinikin ya koma WeChat da WhatsApp da Instagram inda babu ƙofar da za a garƙame. Ita kuwa jingar da ƙanwa ta yi wa yayanta, wadda bincike ya nuna ta fi yawa, toshe shafi bai shafe ta ba ko kaɗan.

Wani abin da ya bayyana a hankali shi ne yadda mai sayarwa ke juyowa ya ci mai saye. Wanda ya rubuta maka jinga ya san sunanka, ya san jami'arka, ya san kwas ɗinka, wani lokaci ma ka ba shi lambar sirrin asusunka. Bayan wata biyu sai saƙo ya shigo: ka ƙaro kuɗi ko mu aika wa jami'arka. Wani bincike a Jami'ar Curtin a 2020 ya gano kusan kashi 90 cikin ɗari na ɗaliban da aka tambaya ba su san da wannan haɗari ba. Kuma barazanar ba ta ƙarewa da ranar yaye ɗalibai, tunda Macquarie ta nuna ana iya ƙwace digiri bayan an bayar. Wasu jami'o'in sun gane cewa ɗalibin da aka riƙe wa wuya haka ba zai zo ya faɗa ba idan kora kaɗai ke jiransa, sai suka buɗe hanyar da zai amsa laifinsa da kansa a sassauta masa. Ina ganin wannan ya fi hikima, domin daga bakinsa ake jin sunan dillalin da sauran waɗanda ya kama.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Sakkwato ba baƙo ba ne ga wannan labari. Kowa ya san shagunan buga takardu na bakin ƙofar makaranta inda ake raɗa wa ɗan ajin ƙarshe cewa akwai kundi a ƙasa, babi na ɗaya zuwa na biyar, sai dai a canja sunan gari da shekara. Amma muna da wani abu da yawancin ɗaliban digirin farko a Ostireliya ba su da shi, wato kare kundi, inda ɗalibi zai tsaya gaban malamai a yi masa tambaya. Inda ake yin sa da gaske, minti biyar ya isa. A ce masa, wannan jadawalin na shafi na 34, daga ina ka samo alƙaluman? Sai gumi ya karyo. Inda kuma ake jera ɗalibai tamanin a yini ɗaya, kowa ya karanta take a ce ya wuce, an riƙe al'adar ne an yar da amfaninta.

A ƙarshen Nuwamban 2022 ChatGPT ya fito, shekara takwas cif bayan labarin MyMaster, sai tsugune ba ta ƙare ba. Abin da ake biyan ɗaruruwan daloli a jira kwana uku, yanzu ƙirƙirarriyar basira na yin sa kyauta kafin shayi ya huce, babu rasit, babu shiga daga Nairobi, babu dillalin da zai yi barazana. Marubutan Kenya da yawa sun ga kasuwarsu ta faɗi, wasu sun koma sana'ar gyara rubutun na'ura ya yi kama da na mutum. Dokar 2020 kuwa an ɗinka ta ne daidai jikin kamfani mai sayar da jinga, ba ta da hannun da za ta kama manhajar da kowa ke amfani da ita a ofis da gida.

A 2024 TEQSA ta umarci kowace babbar makaranta ta kawo mata tsari a rubuce na yadda za ta tabbatar cewa wanda ta ba digiri shi ne ya koyi abin. Jami'ar Sidni ta raba ayyukanta gida biyu: akwai waɗanda ɗalibi zai yi a sake, ya yi amfani da na'ura idan ya so, akwai kuma waɗanda dole a yi su gaban ido, ko a zauren jarrabawa ko baki da baki da malami, kuma a kan waɗannan ne za a dogara wajen cewa ya iya. Tambaya ta baki ga aji mai ɗalibi 800, ko minti goma-goma aka ba kowa, ta haura awa 130 ta malami, ban da shiri da rubuta maki. A jami'o'in da aka sha kamawa da ƙwarar masu duba takarda a kan 'yan mintoci, waɗannan awoyi sai an fitar da kuɗinsu daga wani wuri, kuma ofishin kasafi ne zai sa hannu.